Kariya ce ko Ƙarya

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ko da yake na san zuwa yanzu ta sake ki. Da fatan kin samu ɗaki mai iska da abokan zama masu mutunci, kuma ruwan Sakkwato ya karɓe ki. Babanki yana gaishe ki. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin da kike gani da wanda ba ki gani.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin sa a waya. Saƙon da kika turo mini ne ya zaunar da ni. Kin ce 'yan ɗakinku na makarantar jinya sun ga shukar da kika tafi da ita cikin gwangwanin fenti, kika ajiye a taga. Ɗaya ta ce a birni ana sayar da irinta cikin tukwanen ado, kuma Turawa suna kiranta da wani suna mai nufin furen hamada. Sai suka tambaye ki sunanta da Hausa da dalilin sunan, kika rasa amsa. Kika rubuto: "Inna, don me ake ce mata karya?" Wayarki ba ta lanƙwasa kan harafi, don haka na daɗe ina kallon kalmar ban san wadda kike nufi ba. Ƙarya ta baki, ko karya macen kare, ko karya irin ta karya itace. Na kira ki don in amsa, na ɓuge da tambayar ki ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauko biro. Amma in gaya miki tun yanzu, ba lallai ki gama karatun nan kin samu amsa ba, don ni ma neman ta nake.

A Gummi na fara ganin ta, a ƙofar ɗakin Innata, kakarki da ba ki yi wayo da ita ba. Gindinta ya kumbura kamar tulu, rassanta gajeru masu kauri. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ta kakkaɓe ganyenta ta tsaya tsirara, sannan ta fitar da fure ja mai haske-haske a baki. Inna kariya take ce mata. In akuya ta matso, ta kore ta tana cewa a bar mata kariyar gidanta. Ranar da za a kai ni gidan babanki a Dareta, ta karyo reshe guda, ta naɗe shi a tsumma, ta cusa cikin kayana. Ta ce in dasa a ƙofar ɗaki, kariya ce.

Ban tambaye ta kariya daga me ba. Daga maciji ne, ko daga baki, ko daga iska? Wa ya ba ta ita, kuma shi wa ya gaya masa sunan? Na ɗauka Inna tana nan, tambaya kuma ba ta guduwa. Ga shi yau kin yi mini tambaya ɗaya tak, wadda ta san amsar tana ƙasa. Don haka ke ki riƙa tambaya, Saratu. Na san halinki, in ba ki gane abu ba sai ki gyaɗa kai don kada a ce kina da nauyin fahimta. A aikin da kika zaɓa, gyaɗa kai a kan abin da ba a gane ba yana iya taɓa ran mutum. Ki ɗaga hannu ko za a yi dariya.

Na dasa reshen a Dareta, ya kama. Kakarki ta wajen uba, wadda kuke kira Iya, mutuniyar wajen Bukkuyum ce. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa hana ni komai ba, sai dai in magana ta zo bakinta ba ta mayar da ita. Da farko ba ta ce komai a kan shukar ba. Amma shekaru suka yi ta wucewa ban samu ciki ba. Waɗanda aka yi aurenmu tare suna yaye na fari suna goyon na biyu, ni kuwa zanen goyona yana ninke a ƙasan akwati. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa, Iya ta tsaya a kan shukar, lokacin ta cika da fure, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Wagga shuka sunanta ƙarya. Ba a aje ta ƙofar mace mai neman haihuwa."

Na ce mata a gidanmu kariya muke cewa. Ta ce kunnena ne bai ji da kyau ba, don a wajensu ma wasu ƙariya suke furta ƙarya, harafin farko ne kawai ya raba su. Ta ce in duba da idona. Duk shekara tana yin ado kamar za ta ba da wani abin kirki, furen ya zube, a duba reshe babu ko ƙwaya, kuma wannan alkawarin banza shi ya jawo mata sunan. Na duba, na ga lallai ban taɓa ganin wani abu ya biyo bayan furen ba, a Dareta ko a Gummi. Da babanki ya dawo daga gona na gaya masa. Ya yi dariya ya ce duk mun ɓata, sunanta karya ne kawai, don karya ta ake yi a soka a ƙasa ta tsiro. Ya ci tuwonsa ya fita. Shi a wajensa magana ta ƙare, ni kuma ya ƙara mini ta uku.

Na rasa inda zan sa kaina. In na bar ta, kamar na ce wa Iya ba ta san abin da take faɗa ba. In na cire ta, kamar na ce Inna ta haɗa ni da abin da ya toshe mini haihuwa. Na yi ta juya abin har wata rana da azahar, ba tare da na shawarci kowa ba, na ɗauki addar babanki na sare ta daga gindi. Ruwan jikinta ya fantsamo mini a ido. Ban taɓa jin raɗaɗi irin wannan ba. Idon ya kumbura ya rufe, Iya ce ta yi ta wanke mini shi da ruwa tana faɗa, wai ita cewa ta yi a matsar da ita bayan ɗaki, ba ta ce a kashe ta ba.

Da damina ta sauka, kututturen ya yi toho. A wannan daminar kuma na samu cikin yayanki. Iya ta ce saran da na yi ne ya buɗe hanya. Inna, da labari ya kai mata Gummi, ta aiko cewa tohon ne, ai kariya ba ta barin gidanta. Kowacce ta ga abin da ya gaskata ta. Ni dai na ga ikon Allah.

Abin da zan ce miki a nan shi ne, za ki samu mutum biyu da ke ƙaunar ki, kowa ya gaya miki kishiyar abin da ɗayan ya faɗa. Kada ki ɗauki adda a ranar. Ki bari ruɗun ya kwana, ba zai kashe ki ba. Kuma in kin taɓa shukar nan ko kin karya mata reshe, ki wanke hannu da sabulu kafin ki kai shi ido ko baki.

Yanzu zan zo wurin da ban taɓa zama na ba ki shi daki-daki ba. Kin san kina da yaya da ya rasu a shekarar gubar dalma, kin san kin sha magani kina ƙarama. Sauran ban faɗa miki ba, don ban san ta inda ake farawa ba.

Lokacin da aka gano zinariya a duwatsun wajenmu, maza suka riƙa kwaso dutse a buhu suna kawowa cikin gari. Ana niƙa wani a inji, wani kuma mu mata muke daka shi a tsakar gida. Babanki ya shiga kamar kowa, kuma ba na ganin laifinsa, don a lokacin ne ya sayi babur, muka rufa ɗaki da kwano. Ƙurar dutsen tana sauka a kan tabarma, a kan kwanoni, a kan shanyar hatsi. Mu ƙura muka ɗauke ta, irin wadda ake sharewa. Yayanki yana tafiya da gudunsa, yini yake yana wasa a gindin turmi. Ke kuma kina rarrafe, duk abin da kika samu sai baki.

Akwai Jummai, wata Bafulatana da muke ƙawance, rugarsu tana bayan gari. Ta taɓa gaya mini cewa su ba sa barin maraƙi ya kusanci irin shukar nan, kuma ta ji maharban da suna haɗa ruwanta cikin dafin kibiya. Na tuna idona, na san ba ta yi ƙari ba. To wata safiya na fito na tarar da yayanki zaune a gindin shukar, fure a hannunsa, wani a leɓensa. Na ƙwace, na wanke masa baki. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai, ya daina cin abinci, ya daina wasa. Sannan jijjiga ta zo, idonsa ya juye.

Ban yi shakka ko kaɗan ba, na ce furen ne. Na ɗura masa nono, na jiƙa masa tsamiya, na yi duk abin da na ji ana yi wa wanda ya ci guba. Babanki ya ce mini in yi tunani, gidaje nawa ne yaransu ke irin wannan ciwo, kuma babu mai wannan shuka sai mu. Na ji shi da kunne, amma maganar ba ta shiga ba. A gari kuma kowa da tasa. Wasu sun ce iskoki ne, wasu sun ce sanƙarau, wasu sun ce zazzaɓin damina ne ya zo da wuri. Ni ina ganin na fi su sani, tunda na ga fure a bakin ɗana da idona. Da jijjigar ta ƙi tsayawa muka hau babur za mu Anka, yana tsakanina da babanki. Rana tana tsaka. Ba mu kai ba na ji jikinsa ya saki a ƙirjina. Ban gaya wa babanki ba sai da muka ƙara tafiya mai nisa, don ban san yadda ake cewa mutum ya juya ba.

Bayan haka ne ma'aikatan lafiya suka zo gari, suka ɗebi jinin yara. Aka ce naki cike yake da dalma, aka kwantar da mu a Anka ana ba ki magani. Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu ta yi bayani cewa gubar tana cikin dutsen, ƙurar da yara ke haɗiya ita ke kashe su. Da aka watse na bi ta, na gaya mata zancen furen. Ta saurare ni har na gama. Ta ce lallai shukar tana da dafi, a riƙa nesanta yara da ita, amma abin da na kwatanta mata irin ciwon sauran yaran ne. Na tambaye ta da mun kawo shi da wuri fa. Ta ce wannan Allah kaɗai Ya sani.

Na koma gefen gadonki na zauna, ban san ko sauƙi na samu ko ƙari ba. Makonni ina ɗauke da cewa shukar da na dasa da hannuna ce ta ci ɗana. Yanzu an ce ba ita ba ce, turmin da nake daka a ciki ne, shi ma da hannuna. Har yau in na tuna, wani lokaci furen nake gani, wani lokaci taɓarya. Malamai sun gaya mini kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda. Zuciya ce dai ba ta daina lissafinta.

Ga abin da nake so ki riƙe. In uwa ta zo miki da yaro tana rantsuwa cewa ta san abin da ya same shi, ko da kin ga ta yi kuskure, ki bari ta gama faɗa, kamar yadda matar nan ta bar ni. Sannan ki duba yaron da ilimin da aka koya miki. Ke ma kanki, abin da kika gani da ido yana iya rufe miki abin da ke gabanki. In ciwo ɗaya ya shiga gidaje da yawa, a nemi abin da gidajen suka haɗa. Na biyu kuma naki ne ke kaɗai. An gaya mana dalma tana iya ɓoyewa a ƙashi ta daɗe, kuma tana iya motsawa lokacin da mace ta samu juna biyu. Duk ranar da Allah Ya kai ki gidan miji, ki gaya wa likita tarihinki tun kafin a tambaye ki. Ba abin kunya ba ne. Na ga yadda karatu ya riƙa yi miki tauri, kina maimaita abin da wasu ke ɗauka sau ɗaya, ba ki taɓa ajiye littafi ba. Ban sani ba ko dalmar ce ko haka Allah Ya yi ki. Ko wanne ne, kin kai inda kika kai.

Da muka koma Dareta an fara kwashe ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Masu aikin suka zo kan shukar suka tambaya ko a kewaye ta. Na ce su tumɓuke ta su tafi da ita, ba na son ganin ta. Ko an ce ba ta da laifi, ni a gindinta na yi wa ɗana ganin ƙarshe yana wasa. Suka haƙe ta suka jefa a kan tarin ƙasar da za a zubar. Sai ga Iya, wadda ta ce sunanta ƙarya, ta bi su har ƙofar gida ta karyo reshe, ta wanke shi tas, ta ajiye a ɗakinta. Inna ba ta daɗe da rasuwa ba a lokacin. Ban san Iya ta yi haka ba sai da muka tashi komawa Anka da zama, ta miƙo mini shi ya riga ya yi saiwa a cikin tsohon kwano. Na ce mata, Iya, ba ke kika ce ba a ajiye ta ba? Ta ce, "Na ce. Amma ita kaɗai ta rage maki daga hannun Innarki." Daga wannan reshen ne wadda ke tsakar gidanmu ta girma, daga ita kuma na karyo miki taki. Kin ga ko wadda ta fi kowa tabbacin sunan ba ta bi tabbacinta ba.

Saƙonki ya hana ni sukuni har na ce zan je Gummi. Mutum ɗaya ta rage da ta san gidanmu na da, Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Babanki bai so ba, saboda yadda hanya ta zama, sai an yi ta tambaya kafin a fita. Na matsa, ya samo mini mota ta safe. Muka ratsa ƙasar Bukkuyum kowa na addu'a a ciki, Allah Ya kai mu lafiya.

Na tarar da Gwaggo a inuwar zaure, ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi. Tsohuwar shukar Inna tana nan a tsakar gida, gindinta ya kai girman randa. Bayan gaisuwa na nuna ta, na ɗaga murya na ce, Gwaggo, kariya ce ko ƙarya? Ta ɓata fuska ta ce, "Ni ka ƙarya? Tun daga Anka kinka taso ki ce mani maƙaryaciya?" Matan gidan suka yi ta dariya. Sai da aka tsinko fure aka sa mata a hannu sannan ta gane. Ta ce ita ba ta san asalin sunan ba, haka suka taso suka ji, kuma ko a zamaninsu wasu da kauri suke furta harafin, wasu da laushi. Ta ce shukar ma daga gidan wata maƙwabciya Inna ta karyo ta tana amarya, don ta ga furen ya yi mata kyau. Na ce a raina na sha hanya a banza.

Har na fara haɗa kayana sai ta riƙo zanena. Ta ce Inna baki biyu gare ta a kan wannan shuka. Shekarar da gida ke lafiya, kariya take ce mata. Shekarar da ta binne ɗa, sai ta wuce ta gabanta ta ce ƙarya ce. Na san Inna ta rasa 'ya'ya kafin a haife ni, amma ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Na matsa kusa da kunnen Gwaggo na ce, to ranar da ta ba ni reshen ta ce kariya ce, ta yarda da hakan ko faɗa kawai ta yi? Gwaggo ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "To mi kike so uwa ta ce ma ɗiyarta ranar da za ta bar gida?" Sannan ta tambaya ko na zo mata da goro.

Na dawo Anka da wannan, ban san ko amsa ce ba. In 'yan ɗakinku sun sake tambaya, ki gaya musu duka ukun, ki ce Innarki ta je har Gummi ta dawo ba ta raba gardamar ba. In kin haɗu da wani masani a can ya gaya miki na gaskiyar, ki rubuto mini, ki lanƙwasa harafin da hannunki in ya kamata a lanƙwasa. Ki ajiye ta inda rana ke bugu. Kada ki cika mata ruwa, ruɓewa take yi. In ta zubar da ganye kada ki tsorata, ba mutuwa ta yi ba.

Ni dai bana, tunda kina nesa da ni, kariya nake ce mata. Ban san ko gaskiya nake faɗa ba. Na san dai Mai karewa ɗaya ne, kuma gare Shi na damƙa ki. Allah Ya buɗe miki karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga 'ya'yan mutane, Ya tsare miki hanya duk ranar da za ki taho gida. Ya jiƙan Inna da Iya da yayanki. Ki riƙa sa su a addu'a bayan sallah.

Wassalam,
Innarki, daga Anka.